Tambaya da Amsa: Wutar Tsohuwar Mota da Yoyon Ruwan Lagireto

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da mota ƙirar 1968 wadda har yanzu da kontak take aiki a cikin distiributa, kuma na gaji da yawan saita shi. An ba ni shawarar in cire shi in sa na'urar lantarki ta zamani. Shin hakan zai ƙara wa motar ƙarfi, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarar da aka ba ka tana da kyau, amma kada ka sa ran ƙarin ƙarfi na a zo a gani, domin abin da za ka samu shi ne saurin tashi da daidaituwar wuta. Tsarin kontak da koyil tsoho ne ƙwarai, tun 1910 Charles Kettering ya samar da shi ga motocin Cadillac, kuma rauninsa yana nan inda yake: ƙarafa biyu ne ke haɗuwa suna rabuwa sau dubbai a minti guda, bakinsu yana ƙonewa, ɗan robar da ke tura su yana cinyewa, tazarar da aka saita a kan kimanin milimita 0.4 tana tsukewa, taimin, wato lokacin sakin wuta, kuma yana ja baya a hankali. Na'urar lantarki tana amfani da maganaɗisu ko haske ne wajen sanin lokacin sakin wuta, don haka babu abin da ke gogar wani. Wannan ne ya sa Chrysler ya koma gare ta a dukkan motocinsa na Amurka a 1973.

Kafin ka saya, ka tabbatar da abin da ke jikin motarka. Wasu tsofaffin motoci, musamman na Ingila na kafin tsakiyar shekarun 1960, kan batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da jikin mota, kuma na'urar da ba a yi ta don haka ba, nan take za ta ƙone. Sai batun koyil, wanda a nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami: idan motar tana da rizista mai rage wuta, koyil ɗinta yakan kasance mai om 1.5 (om ma'aunin turjiyar wuta ne), idan babu kuma mai om 3, kuma dole ne ka bi abin da masu na'urar suka rubuta. Ka kuma sani cewa na'urar ba ta gyara tsofaffin sifirin da ke cikin distiributa, waɗanda ke daidaita yadda ake gabatar da wuta idan inji ya ƙara gudu. Ni dai ina ganin hikima ce ka ajiye tsohon kontak da kondensa a cikin mota, saboda kontak yakan ba da alama kafin ya mutu, ita kuwa na'urar lantarki farat ɗaya take ɗaukewa.

Tambaya: Malam, tun da aka sa wa motata irin wannan na'ura take zafi, ruwa kuma yana raguwa a lagireto. Na'urar ce ta jawo yoyon?

Amsa: Na'urar ba ta huda komai ba, amma akwai alaƙa. Idan aka sa ta ba a sake saita taimin da fitilar gwaji ba, wuta tana iya makara, sai fetur ya riƙa ƙonewa a lokacin da ya kamata a ce ya gama, zafin ya shige cikin kan inji da ruwan da ke kewaya shi. Ruwa mai zafi yana ƙara matsi, matsin kuma yana neman wurin da ya riga ya yi rauni. Don haka ka fara da taimin.

Bayan haka sai neman yoyon, kuma a yi shi inji yana sanye, domin buɗe murfin lagireto da zafi yana ƙona mutum. Bakanike zai iya sa famfon gwaji a bakin lagireto ya ba shi matsi, ku duba bakin kowane tiyo, da ƙaramin ramin da ke ƙasan famfon ruwa wanda ke ɗiga idan sil ya mutu, da faya-fayan ƙarfe da ke toshe ramukan gefen inji, waɗanda tsatsa kan ci daga ciki. Idan ba a ga komai a waje ba, amma salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri, ko baƙin mai ya koma launin madara, ko kumfa na tasowa a lagireto, to gasket ɗin kan inji ne abin zargi.

Kada ka yarda a sa maka murfin lagireto mai matsin zamani. Tsofaffin motoci da yawa an yi su ne da murfin fam 4 zuwa 7, na yanzu kuwa yakan kai fam 13 zuwa 16, wanda zai iya tsage dalmar da ta haɗa lagireton tagulla. Ka yi amfani da ruwan sanyaya inji na tsohon tsari da aka yi domin tagulla da dalma, ka riƙa sauya shi duk shekara biyu, kuma ka goge duk wanda ya zuba a ƙasa, saboda yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi.