Ɗana ya karanta labarin doki, ya ce ba zai ƙara kallon hawan sallah ba

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 11 ya karanta littafin Black Beauty a makaranta. Da ya zo wurin da aka wuce da gawar goɗiyar nan Ginger a kan amalanke, kuka ya yi ta yi har dare. Yanzu ya ce ba zai je kallon hawa ba, wai azabtar da dawaki ake yi. Kawunsa, wanda yake kiwon doki, ya ce wata Baturiya ce da ba ta san doki ba ta zauna ta ƙirƙiro, in karɓe littafin. Hankalina ya tashi. In karɓe?

Amsa: Hajiya, kada ki karɓe. Kukan nan ba ciwo ba ne, yaron ya fahimci abin da ya karanta.

Kawun nasa kuma bai faɗi daidai ba. An haifi marubuciyar littafin, Anna Sewell, a Great Yarmouth ta ƙasar Ingila a 1820. Tana wajen shekara 14 ta zame ta ji ciwo a idon sawu, ciwon da bai taɓa warkewa ba, har ta rasu ba ta iya doguwar tafiya ko doguwar tsayuwa. Keken doki ya zama ƙafarta, ita take riƙe linzami da kanta, har takan kai mahaifinta tashar jirgin ƙasa. Wadda ta yi shekaru arba'in da wani abu ƙafarta doki ne, ba za a ce ba ta san doki ba. Ta rubuta littafin tsakanin 1871 da 1877 a Old Catton kusa da Norwich, tana kwance ba lafiya, wani lokaci da fensir a guntayen takardu, wani lokaci ta faɗa mahaifiyarta ta rubuta. Kamfanin Jarrold ya saya a kan fam 40, ya fito a Nuwamban 1877, ita kuma ta rasu a Afrilun 1878, wata biyar kacal bayan fitowarsa. Shi ne littafinta ɗaya tak. Kuma ba don yara ta yi shi ba, don masu aiki da dawaki ta yi, direbobin keken doki da yaran barga.

Abin da ya fi ci mata rai wata igiyar fata ce da masu kuɗin Ingila suke yayi a lokacin. A ɗaura ta daga linzami zuwa gadon bayan doki, a ja har kansa ya ɗagu sama ya kasa saukewa, don kawai mutane su ce dokin gidan wane akwai ƙasaita. Doki mai jan kaya, in zai hau tudu, dole ya sunkuyar da kai ya zuba ƙarfinsa gaba. An hana shi, sai baya da ƙafafu su ɗauki wahalar, numfashi ya ƙuntata. Wannan igiyar ce ta sa Ginger ta yi bore a cikin labarin.

Mu ba mu da wannan igiyar, amma tunanin da ya haife ta yana nan, kullum ina karo da shi. Mutum zai tsaya yana kallon doki ya cilla kai sama, baki a wangame, kumfa na dalala, yana taka ƙasa ya kasa tsayawa wuri ɗaya, sai ya ce kai, wannan doki akwai kuzari. Ba kuzari ba ne, zafi ne. Tsakanin haƙoran gaba da na turmi akwai fili, nan linzami yake zama, kuma fata ce siririya a kan ƙashi. In aka fizgi linzami mai kaifi, ƙarfe ne yake danne ƙashi. Ɗan kumfa fari ba komai ba ne. Kumfa mai ja-ja, harshe ya yi duhu, gefen baki ya tsage, wannan rauni ne. Na sha buɗe bakin doki kwana biyu bayan sallah in tarar da gyambo a daidai wurin nan, dusa ta maƙale a ciki tana wari, mai shi yana ce mini ya rasa me ya sa dokinsa ya ƙi ci.

Daga nan kuma sai a kira wani mai aska, ya leƙa ya ce dasashi ne ya kumbura, ya tsaga, wani ma ya ɗora ƙarfe mai zafi. Wallahi wannan yana ƙona mini rai. Doki tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar famfara yake yi, ɗan kumburin da ke bayan haƙoran sama ba cuta ba ne, da kansa yake saɓewa. An bar ainihin ciwon, an ƙara masa wani. Sau da yawa abin da yake bukata a goge masa kaifin haƙoran turmi, a canza linzami, a ba bakin hutu. Annabi (SAW) ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Dokin da ka hau ka yi ado da shi a gaban sarki, yaya kake ganin hakkinsa a kanka?

Hawa kansa ba zalunci ba ne, ki gaya wa yaron haka. Akwai mahaya masu sanyin hannu, dokinsu na tafiya wuya a lanƙwashe, baki a rufe, kunnuwa na wasa, ba jini a haƙarƙari daga ƙaimi. Ki roƙi kawunsa ya kai shi barga da safe, ya nuna masa yadda ake ɗaga leɓen doki a duba gefen baki, da yadda ake share kofato. Ranar hawa kuma ki zaunar da shi kusa da ke, ki ce ya nuna miki dawakin da bakinsu yake a rufe.