Ga Yayar da ta yi tambaya kan ƙanenta mai barin tramol

Wa alaikumus salam, Yaya. Kin ce ƙanenki yana karɓar magani a asibiti don ya bar tramol, kun raba shi da ƴan fadarsu, wato abokan zaman shan shayi, kun karɓe wayarsa, yanzu ya shige ɗaki ba ya magana da kowa, kina tambaya ko a ƙyale shi haka har ya warware. Don girman Allah kada a ƙyale shi. Na bi ta wannan hanya lokacin da nake kabu-kabu a nan Maraɗi, na san abin da ke cikin shirun nan.

Ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da yawan hamma, cikin mako ɗaya zuwa biyu sukan lafa. Ƙuncin zuciya ne ke daɗewa. Tramol, ban da kashe ciwo, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe da walwalar mutum, shi ya sa idan an daina sai fargaba, rashin barci da baƙin ciki su biyo baya, wani lokaci har watanni.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne bayan isha'i. Kana kwance kana jin ana fifita gawayi a bakin titi, ƙanshin shayin farko yana shigowa ta taga, ana dariya, babu mai kiran sunanka. Wallahi a wannan sa'a ba ƙwayar nake marmari ba, mutane nake nema, sai dai duk mutanen da na sani da ƙwaya a aljihu suke. Raba shi da fadar daidai ne. Amma kun cire masa inda yake zama, ba ku ba shi wani wurin ba.

Abin da ya riƙe ni, wani kawuna ne mai shago a babbar kasuwa. Bai taɓa yi mini wa'azi ba. Da asuba ya ƙwanƙwasa ƙofa mu tafi masallaci, in wuni ina auna masa shinkafa, mu ci a kwano ɗaya. Ku samar wa ƙanenki irin wannan mutum, da aikin da zai gajiyar da shi. Ku mayar masa da waya da sabon layi. Ranar ganin likita wani ya raka shi, kuma a daina ce masa ɗan ƙwaya, ko cikin faɗa.

Ga abin da nake so ki riƙe sosai. Ƙwayar asibiti yawanci miligiram 50 ko 100 ce, likita ba ya wuce 400 a wuni, ta bakin titi kuwa akwai mai 225 har 250. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya manta da ita. In ya koma ya haɗiye adadin da ya saba, farfaɗiya na iya kama shi ko numfashi ya tsaya, kuma in shi kaɗai ne a ɗaki ba mai gani. Saboda haka kada a kulle shi, wani ya riƙa kwana da shi. In ya zame ya sha, kada a doke shi, a gaya wa likitansa. In kun tashe shi bai tashi ba, yana wani irin munshari, ku kwantar da shi ta gefe, ku garzaya asibiti ku faɗi abin da ya sha. In kuma ya fara zancen gara mutuwa, a ranar za a kai shi asibiti.

Allah ya ba shi lafiya, Yaya. Yau da dare ki sa a dafa shayi a tsakar gida, ki kira shi ya fito.