Hukuncin cin abinci da jifan ƙwallo a wasan besbol

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗan yayana da aka haifa a Amurka ya iya jifa a wasan besbol, har wata ƙungiya ta kawo masa kwantiragi. Mahaifinsa ya ce kuɗin wasa ba su da albarka. Shin ya halatta ya sa hannu ya riƙi jifa sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya halatta, bisa sharuɗɗan da za su zo.

Wataƙila abin da mahaifin ya riƙa shi ne hadisin Abu Dawud da Tirmizi, cewa babu kyautar gasa sai a harbin kibiya, ko tseren raƙumi, ko na doki. Malikiyya sun tsaya a kan waɗannan uku, suka ce sauran wasanni masu amfani a yi su ba tare da an sa kuɗi ba. To amma albashin mai jifa ba kyautar gasa ba ne. Ko ƙungiya ta ci ko an cinye ta, za a biya shi abin da aka rubuta, kuma bai zuba ko sisi daga aljihunsa ba balle a ce caca ce. Wannan ijara ce: aiki sananne, lada sananne, wa'adi sananne. Ƙarin da ake yi masa idan ya cika adadin wasanni kaza yana shiga babin ji'ala, wato ladan da aka yi alkawari ga wanda ya cika wani aiki. Akwai malaman da suka ƙi mayar da wasa sana'a, suna ganin lahawu ne da bai kai a biya kuɗi a kansa ba. Ƙyamarsu tana da fuska, sai dai ba ta kai haramci ba, tunda asalin wasan halal ne, kuma kayan besbol dogon wando ne da riga, babu matsalar al'aura.

Sauran magana tana kan abin da hannunsa zai aikata. Mai jifa yana tsayawa a kan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai kulki, wato ɗan wasan ɗaya ƙungiyar da ke dukan ƙwallon da sanda, ya sako ƙwallo mai tauri mai nauyin kusan giram 145 da gudun da kan kai kilomita 150 a awa. A 1920 irin wannan jifa ta sami wani ɗan wasa mai suna Ray Chapman a ka, ya mutu washegari. Duk da haka akwai al'adar ramuwa a wasan: idan an jefi ɗan wasanku, sai a sa ran mai jifanku ya auna haƙarƙarin nasu. Wannan haramun ne ko da koci ne ya ba da umarni, domin babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Annabi (SAW) ya hana ko da wurga tsakuwa da yatsu, ya ce tana karya haƙori, tana tsiyaye ido. Jifa kusa da jikin mai kulki don a hana shi matsowa dabara ce da doka ta yarda da ita. Idan ƙwallo ta kuɓuce ta same shi ba da nufi ba, babu zunubi.

Caca ita ce babbar fitinar mai jifa, fiye da kowa a filin, saboda shi kaɗai ke iya lalata jifa ɗaya ba a gane ba. Tun da kotun ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, ana zuba kuɗi har a kan jifa guda, ko za ta shiga da'irar duka, wato wurin da doka ta ware ƙwallo ta bi a gaban mai kulki, ko za ta kauce. Wani zai zo ya ce masa ya yi jifar farko a ƙasa kawai, ba za ta sauya sakamako ba. Nan ya haɗa haramun uku: caca da ayar Ma'ida ta 90 ta hana, cin amanar wanda ya ɗauke shi aiki, da cin dukiyar mutane da ƙarya. Faɗa wa ɗan caca cewa kafaɗar wane na ciwo ma taimako ne a kan zunubi. Dokar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ita kanta tana korar har abada duk wanda ya yi caca a wasan da yake ciki, kuma 'yan Chicago White Sox takwas da aka kora kan sayar da wasan ƙarshe na 1919, har da masu jifa biyu a cikinsu.

Shafa danƙo a yatsu don ƙwallo ta ƙara juyawa algus ne, kuma "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu", kamar yadda Muslim ya ruwaito. Jakar garin ƙaro da ake ajiyewa a bayan tudu an yarda da ita, sai ya taƙaita a kanta. Tun Yunin 2021 alƙalan wasa ke duba hannu da hula da safar hannu, wanda aka kama a dakatar da shi wasa 10. Ƙwayoyin ƙara ƙarfi sun fi muni, don sun haɗa algus da cutar da jiki. Hukuncinsu dakatarwar wasa 80 a karo na farko, 162 a na biyu, kora a na uku.

Jijiyar cikin gwiwar hannu ita ce ta fi yankewa a wannan sana'a. Tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa wani mai jifa, Tommy John, a 1974, inda ake ɗauko jijiya daga wani sashen jikin mutum a maye gurbin wadda ta yanke, magani ce halal, jinyarta wata 12 zuwa 18. Abin da bai halatta ba shi ne mai lafiyayyen hannu ya nemi a yanka shi da tunanin jifarsa za ta ƙara gudu, ko ya ɓoye ciwon da ya sani lokacin gwajin likita kafin sa hannu. Na biyun ɓoye aibi ne a ciniki.

Salla ba ta da wuya a kansa kamar yadda ake zato. Kakar wasa a MLB wasanni 162 ce, amma mai buɗe jifa sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar. Ranar aikinsa ma, tun 2022 mai jifa ba ya riƙe kulki a manyan ƙungiyoyi, don haka duk lokacin da 'yan ƙungiyarsa ke duka yana zaune. Magariba kan faɗo a tsakiyar wasan dare. Ya shiga da alwala, ya yi raka'a uku a ɗakin ciki. Rabin wasanni a waje ake yi, galibi kwana uku a gari ɗaya, to ya yi kasaru. Idan ya san zai cika kwana huɗu cur, ya cika salla. Wasannin Juma'a yawanci da dare ne, ya nemi masallaci kafin ya tafi fili.

Azumi kuwa, a 'yan shekarun nan Ramadan yana haɗuwa da atisayen share fage na Fabrairu da Maris a Florida ko Arizona. Wajen mako shida ake yi a gari ɗaya, shi mazauni ne, atisaye kuma ba uzurin shan azumi ba ne. Ya kwana da niyya. In ƙishirwa ta kai shi ga tsoron cutuwa ya sha ya rama.

Kafin ya sa hannu, wakilinsa ya rubuta cewa ba za a yi tallar giya ko ta kamfanin caca da sunansa ko hotonsa ba. Allunan talla da ke jikin filin wasa nauyinsu yana kan masu ƙungiya. Ranar da ake fesa giya a ɗakin 'yan wasa don murnar nasara, ya fice.

Kuɗin sa hannu da za a ba shi, ya fara lissafin shekara daga ranar da ya karɓa. Abin da ya rage bayan shekarar musulunci ta zagayo, idan ya kai ƙimar zinariya giram 85, ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.

Wallahu a'alam.