Motar lantarki a zafin Garwa: AC da na'urar riƙe layi

Malam, tambayarka ita ce ko AC zai cinye batir a hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, kuma ko na'urar riƙe layi, wadda ke hana mota kauce wa layinta a titi, abin dogaro ce.

AC yana ci, amma gudu ya fi shi ci nesa ba kusa ba. Ka kunna shi mota tana jone da caja kafin ka tashi, ka riƙe kilomita 90 a awa. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ka nemi motar da ake sanyaya batirinta da ruwa. Tsohuwar Nissan Leaf ba ta da wannan, shi ya sa zafi ke saurin gajiyar da ita.

Na'urar riƙe layi kuwa kyamara ce a bayan gilashin gaba, farin fenti take bi. Inda fentin ya goge, ko ƙurar hunturu ta rufe gilashi, makauniya ce. Birki mai kama kansa ma ba kullum yake ganin saniya ko ɗan acaɓa da daddare ba, kada ka saki sitiyari.

Batir a ƙasan mota yake. In rami ya doke shi, ko ka canza gilashin gaba, sai ƙwararre mai kwamfutar gwaji. Wayoyin wutar motar masu launin ruwan lemu suna ɗauke da wajen bolt 400, kada bakaniken unguwa ya taɓa su.