Tambaya da Amsa: Wace Kyamara Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗaukar hotunan mutane da wayata, yanzu ina so in sayi sabuwar kyamara DSLR, irin mai madubi a ciki wadda ake canza wa gilashin gaba. Shin mai yawan megafiksel zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada yawan megafiksel, wato ma'aunin yawan ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto, ya ruɗe ki. Megafiksel 24 ya ishe ki har ki buga hoto babba. Abin da ya fi shi tasiri shi ne girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar. Ga mai farawa, sensa mai matsakaicin girma, irin APS-C, ta wadatar.

Inda nake so ki zuba ido sosai shi ne lens, wato gilashin da ke gaban kyamarar. Wanda ake haɗowa da kyamarar, 18-55mm, yana aiki da rana, amma a ɗaki mai duhu sai ya gaza. Ki ware wani abu daga kuɗinki ki ƙara da lens ɗin 50mm f/1.8. Yana buɗewa sosai ya shigar da haske, fuskar mutum ta fito tas, bayansa ya dushe. Ni dai shi nake fara ba kowa shawara.

Sannan ki sani, Canon da Nikon sun karkata ga kyamarori marasa madubi. Manyan DSLR ɗinsu na ƙarshe, EOS-1D X Mark III da D6, a 2020 suka fito. Duk da haka lens ɗin DSLR suna da yawa, batirin DSLR kuma yana daɗewa.

Kafin ki biya, ki riƙe ta a hannu, ki leƙa, ki ji nauyinta, ki tabbatar akwai takardar garanti.