Agogon Vacheron Constantin: Me Ya Sa Yake Da Tsada Haka?

Tambaya: Malam, na ga agogon Vacheron Constantin da kuɗinsa ya fi na mota. Su wane ne suka kafa kamfaninsa, kuma me ya sa yake da tsada haka?

Amsa: Ɗan'uwa, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Jean-Marc Vacheron ne ya kafa kamfanin a Geneva ta ƙasar Suwizalan a 1755, François Constantin ya shigo a 1819, kuma har yau ba su taɓa rufe ƙofa ba.

Ba batir ke tafiyar da yawancin agogunansu ba. Wani siririn ƙarfe ne a naɗe yake warwarewa a hankali yana juya ƙananan haƙora, kuma da hannu ake goge sassan, har waɗanda ido ba zai gani ba. Nan kuɗin yake tafiya. A 2015 sun fito da agogon aljihu, Reference 57260, mai ayyuka 57. Shekara 8 aka yi ana haɗa shi.

Cikin nau'o'in agogunansu akwai Overseas na matafiya, da Métiers d'Art mai zane-zane. Ni dai Patrimony ne ya kwanta mini a rai: siriri, fuskarsa fes, babu tarkace.