Amsa: Da gaske sulot na tsibirin Eskudo yana iyo don neman mace?

Malam, ka tambaya ko dabba mai nawa haka tana iya ruwa. Ƙwarai kuwa. Sulot wata dabba ce mai jinkirin motsi da ke rayuwa a kan bishiya. Ƙaramin sulot mai farce uku a tsibirin Eskudo de Beraguwas kaɗai ake samunsa, kusan kilomita 17 daga gaɓar Panama, kuma sai a 2001 masana suka tabbatar jinsi ne na daban. Nauyinsa kilo 2.5 zuwa 3.5.

A ƙasa jan ciki yake da ƙyar, don ƙafafunsa na baya ba su da ƙarfi. A ruwa kuwa iskar da ganye ke tarawa a tumbinsa ce ke ɗaga shi, sai ya miƙa dogayen hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, hanci a sama.

Idan mace ta shirya barbara, takan kwarma wata siririyar ƙara daga saman bishiya. Namiji, wanda ake gane shi da tabo ruwan lemo mai baƙin layi a gadon baya, sai ya bi sautin, ko da mashigin ruwa a tsakani. Ɗa ɗaya take haifa, ya yi watanni maƙale a ƙirjinta.

Abin da ke damuna saran itatuwan bakin teku da waɗannan dabbobi suke ci suke kwana a kai. Tsibirin bai kai murabba'in kilomita 5 ba, ba su da wurin komawa.